Hannayen da Suka Duba Cikin Rabi

Sai yanzu da Rabi ta fara iya sunkuyawa ta ɗauki bokiti da kanta na sami natsuwar zama in rubuta wannan. Ba don in hana kowa zuwa awo na rubuta ba. Ni da kaina nake raka ta, kuma da ba don asibiti ba da yanzu gaisuwar rasuwa ake zuwa yi mana. Na rubuta ne saboda matan da cikinsu ya shiga wata tara, da masu raka su, su ji abin da ya same mu.

Rabi ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ɗinki nake yi a nan Lafiya, shagona ba nisa da gidanta. Mijinta Shu'aibu direban babbar mota ne, yana kai doya da agushi kudu, sai ya yi sati ba ya gari. Shekararsu shida da aure, ciki biyu sun zube tun ba su yi ƙwari ba. Da wannan na ukun ya zauna, lallaɓa ta muka shiga yi kamar ƙwai. Ko tsintsiya ba na bari ta ɗauka.

Wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwarsu take zuwa awo. Shu'aibu ne ya zaɓa, ya ce ba zai bari ta wuni a layin babban asibiti ba. Tsakani da Allah, wata takwas ba mu ga aibunsu ba. Suna auna jininta, suna ba ta maganin ƙarin jini, sun ɗauki hoton cikin sun ce yaro kwance yake daidai. Mai duba masu ciki wata doguwar nas ce, kowa Sista yake ce mata. Tana da saurin aiki, tana da saurin baki.

Satin da cikin ya shiga wata tara, bayan an gama awon da aka saba, sai Sista ta ce da ni, "Yaya, ki ɗan ba mu wuri." Ta ja labule. Da Rabi ta fito na ga tana tafiya a tattale, idonta ya yi ja.

Na ce, "Me aka yi miki?"

Ta ce, "Hannu ta sa."

"Naƙuda kike ji?"

"A'a."

"To me take nema?"

"Wai bakin mahaifa take dubawa. Ta ce a rufe yake."

'Ya'yana huɗu, biyu a gida Agyaragu, biyu a asibiti. Ba a taɓa sa mini hannu ba sai naƙuda ta kankama. A cikin keke muna komawa abin yana ta yi mini yawo a rai, amma na ce wa kaina zamani ne ya canza, wataƙila ilimi ne ya ƙaru.

Sati na gaba a kan benci muka zauna kusa da wata mata 'yar Tibi, ana ce mata Maman Terna, cikinta ya fi na Rabi girma. Ta ji muna maganar ƙasa-ƙasa, sai ta matso.

Ta ce, "Wannan Sista, kowane sati sai ya sa hannu. Ni na gaya ma shi, cikina ba buhun doya ba ne da za a dinga matsa shi. Ya yi fushi, ya ce in ba na so in tafi wani wuri. Amma tun ranan bai sake taɓa ni ba."

Muka yi dariya. Na dubi Rabi na ce ko ita ma za ta ce ba ta so. Ta girgiza kai. Rabi mace ce mai kunya, ko a gida ba ta iya musu da kowa, balle mai fararen kaya. Ta shiga, aka sake yi. Wannan karon Sista ta fito da fara'a ta ce bakin mahaifa ya buɗe yatsa ɗaya, mu shirya kaya, ko yau ko gobe.

Maganar nan ta tayar da gida. Na kira Innarmu, washegari ta iso daga Agyaragu da garin kunu da kanwa da daddawa, har da tukunyar wankan jego. Shu'aibu ya bar wa wani lodin da ya samu ya zauna. Muka zuba wa Rabi ido. In ta yi tari mu miƙe, in ta daɗe a banɗaki Inna ta je ta buga ƙofa. Sati ya cika cif, ko ciwon baya ba ta yi ba.

A dubawa ta uku wata nas ce daban ta fara, ta ce yatsa biyu. Sista ta shigo ta ce ba ta yarda ba, ta sa nata hannun, ta ce ɗaya ne. Mace ɗaya, rana ɗaya, hannu biyu, amsa biyu. A nan na kasa haƙuri.

Na ce, "Sista, don Allah wannan dubawar me take nunawa? Wancan satin kin ce yau ko gobe."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Rakiya kika zo ko koya mana aiki?"

Na ja da baya, amma na lura da wani abu. Duk ranar da aka ja labulen nan, akwai kuɗin safar hannu da na dubawa daban da na awo. Ba wani mai yawa ba ne. Sai dai na dubi matan da ke kan benci, na ga kusan duk masu wata tara ne, zuciyata ta raya mini abin da ta raya. Ba zan rantse a kai ba. Zargi ne, kuma har yau yana nan.

Dubawa ta huɗu ita ce ta daban. Ta daɗe. Ina daga bayan labule na ji Rabi ta ja salati da ƙarfi, sannan ta ce, "Wayyo, Sista, ya isa." Na ɗaga labulen na shiga. Sista tana cire safa, akwai jini a jikin safar.

Ta ce, "Na ɗan taimaka mata ne, don abin ya zo da wuri."

Na ce, "Wane irin taimako?"

Ta ce, "Za ki gani."

Ranar Rabi ta wuni tana ganin ɗigon jini. Washegari jinin ya tsaya, sai wani ruwa ya fara zuwa kaɗan-kaɗan. Ba ya zuba da yawa, amma in ta tashi daga zaune sai a ga zaninta ya jiƙe. Ita ta ɗauka fitsari ne yake kufce mata, kunya ta hana ta faɗa sai da Inna ta gani. Inna ta ce zaƙi ne yake fita, alheri ne ma, mace ba ta haihuwa da sauƙi sai zaƙi ya gama zuba. Ni hankalina bai kwanta ba, na mayar da ita wajen Sista. Ta sake sa hannu, ta ce faya ba ta fashe ba, mu koma gida sai ciwo ya zo.

Muka koma. Ina da ɗinkin biki a hannu, na riƙa wuni a shago, da yamma in leƙo. Kwana biyu bayan nan da safe na tarar da Rabi cikin bargo tana rawar sanyi, rana kuwa ta take. Shu'aibu ya ce maleriya ce, bari ya je kemis. Na ɗauki zaninta zan jiƙa, sai na ji wani wari da ban taɓa ji a jikin mai ciki ba. Na tambaye ta yaushe rabon da ta ji motsin yaro. Ta yi tunani ta ce tun jiya da la'asar bai yi wani motsin kirki ba.

Ban saurari kowa ba. Na tare keke na ce babban asibiti, Inna da Shu'aibu suka biyo mu.

Wanda ya san wurin ya san abin da muka tarar. Mata a kan benci, mata a kan tabarma, wasu a tsaye sun dafa bango. Mai yankan kati ya ce sai mun bi layi, na ce ba ta da lafiya, ya ce duk wanda na gani a nan ba biki ya zo ba. Rabi ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafata. Allah ya kawo wata nas za ta wuce, ta taɓa goshinta, ta tambaye ni magana biyu, ta je ta turo kujera mai taya. Ban san sunanta ba. Kullum ina sa ta a addu'a.

Likitar da ta gan mu yarinya ce, ba za ta girmi Rabi ba, Hausarta irin ta mutanen Akwanga. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta yi tambayar da ban yi tsammani ba.

"Tun da ruwan nan ya fara zuba, mutum nawa suka sa mata hannu?"

Na ce, "Sista ce kawai, sau ɗaya."

Inna ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi. Likita ta dubi Rabi ta jira.

Can Rabi ta ce, "Da Baba Uwani."

Baba Uwani tsohuwar ungozoma ce a layinsu. Ashe ina shago Inna ta kira ta har sau biyu, ta shafa man kaɗanya a hannu ta duba ko kan yaro ya sauko. Na juya na kalli Inna. Ta ce, "Ai don mu san inda ake ne. Ita ma ta asibitin ba haka take yi ba?"

Likita ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ba ta kuma sa yatsa ba. Wani ƙarfe ta ɗauko mai kama da bakin agwagwa, ta yi wa Rabi bayani, ta haska da fitila ta duba. Ta ce fayar ta ɓule ne daga can sama, shi ya sa ruwan yake ɗiga maimakon ya zubo gaba ɗaya, kuma ƙwayar cuta ta riga ta shiga mahaifa. Maganarta ɗaya ta zauna mini daram: "Faya ita ce ke rufe wa yaro ƙofa. In ta ɓule, duk hannun da ya shiga, ko da safa ne, zai iya tura cuta ciki."

Na ba ta labarin taimakon da Sista ta ce ta yi. Ta ce akwai irin wannan, ana zagaya yatsa a bakin mahaifa don a tayar da naƙuda, kuma yana da ranarsa, musamman in ciki ya wuce lokaci. Amma sai an yi wa mace bayani ta ce ta yarda.

Na ce, "To shi ya fasa mata?"

Ta ce, "Ba na wurin, ba zan ce shi ne ba. Faya takan ɓule da kanta."

"Dubawar kowane sati fa, dole ce?"

Ta ce in mace lafiyarta ƙalau, ba naƙuda, ba wani abin da ake shirin yi mata, yatsa ɗaya ko biyu ba ya faɗa wa kowa ranar haihuwa. Wata takan yi makonni a buɗe, wata a rufe da safe ta haihu da yamma.

Aka ɗaura mata ruwa, aka sa allurai masu ƙarfi, aka sa na tayar da naƙuda. Ciwo ya zo, Rabi ta riƙe ƙarfen gado tana ta salati. Wajen la'asar sai ga wata nas ta nufo mu tana sa safar hannu. Ban san lokacin da na miƙe na tare gadon ba. Na ce wallahi ba wanda zai ƙara taɓa ta, hannu ne ya kawo mu nan. Hayaniya ta tashi har aka kira likita.

Ta ce, "Yaya, na gane tsoronki. Amma yanzu ne ake bukatarsa. Bugun zuciyar yaron ya yi sauri. In ta kusa, mu jira. In ba ta kusa ba, mu shiga da ita ɗakin tiyata. Ba ni da hanyar sani sai na duba, kuma sau ɗaya zan yi." Ta sunkuya ta ce, "Rabi, kin yarda?" Rabi ta ɗaga kai. Na matsa, amma ban saki jiki ba.

Ba ta kusa ba. Aka ce sai an yi aiki, aka kawo wa Shu'aibu takardar yarda. Nan ma wani zargin ya taso. 'Yan'uwansa na Ashige suna ta kira a waya, wai kada ya kuskura, likitocin yanzu yanka kawai suka iya, a kawo ta gida a ba ta rubutu. Ya tsaya da biro a hannu yana zufa. Ni kaina a lokacin ban san wa zan yarda da shi ba. Inna ce ta taso ta tsaya a gabansa.

Ta ce, "Shu'aibu, kashe wayar nan. 'Yata ce a ciki. Ka rubuta sunanka."

Ya rubuta.

Namiji aka ciro. Bai yi kuka nan take ba, ko ganinsa ba mu yi da kyau ba aka wuce da shi ɗakin jarirai aka sa a kwalba. Cutar ta taɓa shi. Rabi ta zubar da jini, na Shu'aibu bai yi daidai da nata ba, sai wani abokinsa direba ya ajiye mota a tasha ya zo ya bayar.

Satin farko zazzaɓi ne, ya sauka ya dawo. Kusan kowane magani sai an rubuta mun fita waje mun saya. Shu'aibu ya sayar da agushin da ya ajiye don suna, ni na mayar wa masu biki yadinsu ban ɗinka ba, wasu har yau ba sa gaishe ni. A baranda nake shimfiɗa tabarma. Aikina in tallafi Rabi ta zauna, mu tatsi nono a kofi, in kai ɗakin jarirai in miƙa ta taga. Nan nake leƙen yaron, ɗan hannunsa ɗaure da allura. Ranar suna aka yanka rago a gida, aka raɗa masa Abdullahi, ba uwa ba ɗa a wurin.

A sati na biyu ɗinkin ya yi ruwa, gefe ɗaya ya buɗe. Kullum da safe sai an wanke an cusa auduga, Rabi tana cizon zani. Masu dubiya kuwa kowa da nasa. Wannan ta ce rashin wankan jego ne, a gasa wurin da ruwan zafi. Waccan ta zo da kunun kanwa a fulas ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Wata gwaggon Shu'aibu ta ce a shafa zuma da toka. Na zama 'yar sanda, duk abin da aka kawo sai na buɗe na shinshina. An ce na cika zargi. Na ce na ji.

Su ma ma'aikatan ba duka ne na kirki ba. Akwai wadda in ka kira ta sai ta gama kallon wayarta. Akwai kuma wadda ta zauna ta koya mini yadda zan juya Rabi ba tare da na fama ciwon ba, ta kawo mata farfesu daga gidanta. Duk a ɗaki ɗaya.

Cikin sati na uku aka miƙo wa Rabi ɗanta ta sa shi a nono karo na farko. Kwana kaɗan bayan nan aka sallame mu.

A gida sai wata jinyar ta tashi. Shu'aibu ya daina cin abincin da Inna ta dafa, a ganinsa ita da Baba Uwani suka kusa kashe masa mata da ɗa. Inna ta ce Sista ce ta fasa faya, da ba ta fasa ba me zai shiga? Baba Uwani ta aiko a gaya mana rabin yaran layin a hannunta suka faɗo, ba wanda ya yi zazzaɓi. Ni kuma na shirya na koma ƙaramin asibitin. Sista ta saurare ni tana rubutu, ko kai ba ta ɗago ba. Ta ce haka ake yi ko'ina, ba ta yi wa Rabi abin da ba ta yi wa sauran mata ba, in muna neman mai laifi mu tambayi tsohuwar da muka kira. Ashe labari ya riga ni isa. Na fito ban sami abin da na je nema ba. A kan benci na ga mata jere suna jiran a ja musu labule.

Har yau ban san hannun wa ne ba. Zuciyata ta fi karkata ga wannan taimakon da ba wanda ya roƙa, amma likita ta ce ba za ta rantse ba, ni ma ba zan rantse ba. Abin da na sani shi ne, 'yar'uwa, in an ce ki hau gado alhali ba kya naƙuda, ki tambaya me za a duba, kuma in an gani me zai canza. In da dalili za a faɗa miki. In kin ga ruwa yana ɗiga, ko kaɗan ne, kada ki tsaya ana ce miki zaƙi ne, kada ki bar kowa ya taɓa ki a gida, ki tafi inda za a duba da kayan aiki. In kuma naƙuda ta zo likita ya ce yana bukatar sani, kada ki tare gado kamar yadda na yi.

Ana saura 'yan kwanaki arba'in, gardamar ta sake tashi a tsakar gida. Shu'aibu yana faɗin tasa, Inna tana mayarwa, ni ina kawo ta Sista. Rabi tana zaune a kan tabarma tana ba Abdullahi nono. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Kun ishe ni. Kullum hannun wane, hannun wance. Jikina ne fa. Sista ba ta tambaye ni ba. Inna, da kika kira Baba Uwani ba ki tambaye ni ba. Ke ma Yaya, duk faɗan da kika yi, a kaina kika yi shi, ba ki taɓa cewa Rabi me kike so ba. Likitar nan ce kaɗai ta kira sunana."

Inna ta tashi ta shiga madafa. Shu'aibu ya ɗauki buta.

Ranar da aka ce ta koma a duba ɗinkin, na raka ta kamar kullum. Da aka kira sunanta na miƙe zan bi ta, sai ta juyo ta ɗora mini yaron a kafaɗa.

Ta ce, "Riƙe shi, Yaya. Ki jira ni a nan."

Ta shiga ita kaɗai. Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Na ji wata murya ta ce ta hau gado ta kwanta. Sannan na ji muryar Rabi a fili.

"To. Amma ki fara gaya mini abin da za ki yi."